DANDALAN LAFIYA NA JAMI'O'I A LOKACIN ANNOBA: AMANAR LABARI DA ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani, Ya ɗaukaka darajar ilimi da ma'abotansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da za mu tattauna a wannan zama shi ne irin shafuka da manhajojin da wasu jami'o'in duniya suka kafa a intanet domin kare mutane daga cuta a lokacin annobar korona. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai karatun addini da wannan, ai magana ce ta likitoci da masana kwamfuta? Amsarmu ita ce, duk abin da waɗannan dandali suka yi, idan aka tace shi, abu ɗaya ne: tattara labari, da tantance shi, da isar da shi ga wanda yake bukata tun kafin lokaci ya ƙure. Ita kuwa tantance labari, babu al'ummar da ta riga mu sanin darajarta, domin a kanta aka gina ilimin Hadisi baki ɗaya. Don haka magana ce da ta shafe mu, kuma rayukan mutane ne a cikinta.

YADDA ANNOBAR TA ZO

A ƙarshen shekarar 2019 ne aka fara jin labarin wata sabuwar cuta ta numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 30 ga Janairu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa da ya shafi ƙasashe, ranar 11 ga Maris kuma ta kira ta annobar da ta game duniya. A Nijeriya an tabbatar da mutum na farko ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Aka rufe makarantu da kasuwanni, aka dakatar da Umra, aikin Hajjin wannan shekara kuma bai samu halarta ba sai daga wani adadi kaɗan na mazauna Saudiyya. Sai ranar 5 ga Mayu 2023 ne hukumar ta janye matsayin gaggawar.

Wanda ya rayu a wannan lokaci ba zai manta da cewa annoba biyu ce ta sauka tare ba: ta cuta da ta jita-jita. Wannan ya ce cutar masu kuɗi ce, wancan ya ce zafin ranarmu zai kashe ta, wani ya ce babu ita sam. Duk wanda yake da waya ya zama mai fatawa a kan abin da bai karanta ba. A cikin wannan ruɗani ne wasu jami'o'i suka tashi tsaye, kuma za mu kawo misalai huɗu na abin da suka yi.

MISALI NA FARKO: ALLON ƘIDIDDIGA

A Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wata malamar sashen injiniya mai suna Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong, ɗan ƙasar Sin, sun buɗe wani shafi ranar 22 ga Janairu 2020, lokacin da waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shafin taswirar duniya ce, a kan kowace ƙasa akwai jan ɗigo wanda yake girma gwargwadon yawan masu cutar, a gefe kuma ga adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Da farko ɗalibin nan da hannunsa yake shigar da alƙaluman, daga baya aiki ya yi yawa, aka haɗa tawaga, aka sa na'ura tana ɗebo rahotanni daga shafukan hukumomin lafiya na ƙasashe, mutane kuma suna bi suna dubawa.

Abin da ya kamata mai karatun Hadisi ya lura da shi a nan shi ne, ba su ce wa duniya ta yarda da su don girman sunan jami'arsu ba. Sun jera sunayen majiyoyinsu, sun ajiye alƙaluman kowace rana a fili inda kowa zai iya ɗauka ya bincika, idan kuma aka gano kuskure sai a gyara a bar shaidar gyaran. Watau sun kawo matani tare da isnadinsa. Wannan ne ya sa gwamnatoci da gidajen jarida da asibitoci suka dogara da shi, har aka ziyarci shafin fiye da sau biliyan 2. Sun rufe tattara bayanai ranar 10 ga Maris 2023, a lokacin sun ƙirga fiye da mutum miliyan 676 da suka kamu, da kusan miliyan 6.9 da suka rasu.

MISALI NA BIYU: JAMA'A SU NE MASU RUWAYA

A Ingila, masu bincike na King's College da ke Landan, ƙarƙashin Farfesa Tim Spector, sun haɗa kai da wani kamfani mai suna ZOE suka fitar da wata manhajar waya ranar 24 ga Maris 2020. Aikinta mai sauƙi ne. Kowace rana mutum zai shiga ya faɗi yadda ya tashi, lafiya lau ko da zazzaɓi, ko tari, ko kasala. Fiye da mutum miliyan 4 suka shiga wannan aiki.

Da aka tara bayanan sai wani abu ya fito fili wanda likita ɗaya a ɗakinsa ba zai iya tabbatar da shi ba: gushewar jin ƙanshi da ɗanɗano na daga cikin alamomi mafi ƙarfi na wannan cuta. Ranar 18 ga Mayu 2020 hukumomin Birtaniya suka ƙara wannan a jerin alamomin da suke wajabta wa mutum ya killace kansa. Ku duba, labarin mutum ɗaya zato yake bayarwa, amma idan ya zo ta hanyoyi masu yawa daga mutanen da ba su san juna ba, sai ya ƙarfafa har a gina hukunci a kansa. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Musɗalahul Hadisi.

MISALI NA UKU: KARANTARWA KYAUTA

A watan Mayu 2020, makarantar kiwon lafiyar jama'a ta wannan jami'a ta Johns Hopkins ta ɗora wani darasi na 'yan sa'o'i a dandalin Coursera, kyauta, a kan yadda ake bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai cuta. Darasin yana koyar da yadda cutar take yaɗuwa, da kwanakin da take ɓuya a jiki, da yadda za a kira mutum a gaya masa cikin ladabi cewa ya zauna a gida, ba tare da an bayyana masa sunan wanda ya yi cuɗanya da shi ba. Fiye da mutum miliyan 1 suka yi rajista daga ƙasashe daban-daban. Ilimin da a da sai wanda ya samu gurbi ya biya kuɗi, aka buɗe ƙofarsa ga kowa, saboda an fahimci cewa ɓoye shi a irin wannan lokaci halaka ce.

MISALI NA HUƊU: KARE ƊALIBAI A CIKIN JAMI'A

Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign a Amurka ta yanke shawarar dawo da ɗalibanta a watan Agusta 2020. Masananta suka ƙirƙiro gwaji na yawu mai sauƙi, aka wajabta wa ɗalibai yin sa sau 2 a mako, sakamako kuma yana zuwa ta wata manhaja a wayar ɗalibi. Ba a shiga ajin karatu sai an nuna wa mai tsaron ƙofa cewa manhajar ta ba da izini. A wasu ranaku sukan yi gwaji fiye da 10,000.

Duk da haka, cikin makonnin farko adadin masu cutar ya tashi fiye da yadda aka yi hasashe. Da aka bincika sai aka tarar wasu ɗalibai sun san sakamakonsu ya nuna suna ɗauke da cutar, amma suka fita wuraren shagali suka cuɗanya da mutane. Dole jami'ar ta taƙaita zirga-zirga na mako 2 kafin abin ya lafa. A nan akwai babban darasi. Na'ura tana iya gaya wa mutum gaskiya, amma ba ta iya sa shi ya yi aiki da ita. Wannan aikin zuciya ne, aikin tsoron Allah da riƙon amana, kuma a nan ne fagen malamai da masu tarbiyya yake.

MATSAYIN SHARI'A

Ya ku 'yan'uwa, kafin mu yi hukunci a kan kowane sabon abu sai mu mayar da shi ga asali. Malaman Usulu sun yi ittifaƙi cewa kare rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Sun kuma tabbatar da cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Shafin intanet hanya ce, kamar takarda da rediyo. Idan ya kai ga kare rai, abin nema ne, idan ya kai ga ɓarna, abin gudu ne.

Alƙur'ani mai girma ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A Suratun Nisa'i kuma ya zargi waɗanda da zarar labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda suke da ikon gano haƙiƙarsa. A Suratun Nahli ya umarci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abota sani. To, ma'abota sani a mas'alar tsarki da gado su ne malaman Fiƙihu, a mas'alar ƙwayar cuta kuwa su ne likitoci da masu bincike. Malami yana gina fatawarsa ne a kan bayanin da ƙwararre ya ba shi, kamar yadda yake yi a kan mara lafiyar da azumi zai cutar.

Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annobar ɗa'uni ta ɓulla, ya kuma hana wanda yake ciki ya fita don gudu. Sai mu tambayi kanmu, ta yaya mutum zai yi aiki da wannan umarni idan bai san garin da annobar take ba? Ashe ke nan sanin inda cuta take sharaɗi ne na aiki da Sunna, allon ƙididdiga irin wanda muka ambata kuwa ba kome yake yi ba face amsa wannan tambaya.

Tarihin sahabbai ya fayyace mana wannan. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, a shekara ta 18 bayan Hijira bisa mashahurin zance, Sayyidina Umar (R.A.) ya taho har wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin rundunoni suka tarye shi da labarin annoba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke shawarar komawa. Da Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.) ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, sai ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso da hadisin da ya tabbatar da ra'ayin Umar. Ku lura da jerin matakan: labari daga majiya amintacciya, sa'an nan shawara, sa'an nan nassi, sa'an nan aiki. Wannan annoba ta ci Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), malaman tarihi kuma sun ambaci kimanin mutum 25,000 da suka rasu a cikinta. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi (R.A.) sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah kuwa Ya ɗauke ta.

Haka nan Hafiz Ibnu Hajar Al-Asƙalani, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan Hijira, kuma annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya wallafa littafi a kan ɗa'uni mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya yi hukunci cewa fita a taru domin addu'ar ɗauke annoba irin yadda ake yi a roƙon ruwa bidi'a ce, ya kuma kawo abin da ya faru a Alƙahira a shekara ta 833, inda mutane suka fita suka taru, amma kafin wata ya ƙare masu mutuwa a kowace rana suka ninka sau da yawa. Ga malamin Hadisi yana kafa hujja da nassi, yana kuma duba alƙaluman mace-mace. A Andalus ma, waziri Lisanuddin Ibnul Khaɗib na Garnaɗa ya rubuta a ƙarni na 14 na Miladiyya cewa lura da abin da yake faruwa ya nuna cuta tana bin cuɗanya da tufafi da kwanoni. Saboda haka ƙirga masu cuta da bin sawunta gadonmu ne da muka yi sakaci da shi, wasu suka ɗauka suka raya.

IYAKAR WAƊANNAN DANDALI

Adalci ya wajabta mu faɗi naƙasunsu kamar yadda muka faɗi amfaninsu.

Na farko, allo ba ya nuna sai wanda aka ƙirga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace-macen da annobar ta jawo, kai tsaye ko a kaikaice, a shekarun 2020 da 2021 kaɗai sun kai kimanin miliyan 14.9, watau fiye da ninki biyu na abin da aka rubuta. A Nijeriya abin da ya shiga rajista shi ne kimanin mutum 266,000 da suka kamu da 3,155 da suka rasu. Amma mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka riga kowa sanin cewa wani abu yana faruwa, dattawa da manyan malamai suna ta rasuwa a jere. Da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni 2020 cewa an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da alaƙa da cutar. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba a yi musu gwaji ba, don haka taswirar da take Baltimore ba ta gan su ba. Rashin samun ruwaya ba hujja ba ce a kan cewa abu bai faru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a yankin Afirka kimanin mutuwa 1 cikin 10 ce kawai take shiga rajista.

Na biyu, harshe da hali. Waɗannan shafuka da Turanci aka gina su, domin mai babbar waya da wutar lantarki da kuɗin sayen data. Tsohuwar da take ƙauye, da ɗan dako, da almajiri, ba su cikin lissafin wanda ya tsara su, alhali kuwa cuta ba ta tambayar mutum ko ya iya Turanci.

Na uku, amanar sirri. Manhajar da ta san zazzaɓin mutum da inda ya kwana da wanda ya gana da shi, ta riƙe abin da shari'a ta hana a bankaɗa. Haƙƙin mutum ne ya san wanda yake ajiye bayanansa, da abin da za a yi da su, da ranar da za a goge su. Larura ana ƙaddara ta ne da gwargwadonta, idan ta wuce kuma sauƙin da aka yi dominta ya wuce.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a wurinmu, rashin yarda. Mutanenmu ba haka kawai suke ɗari-ɗari ba. A shekarar 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu, wasu suka naƙasa, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu dubi abin da zargi ba tare da bincike ba ya haifar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli 2004, a tsakanin nan da bayansa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da Indunusiya, yara da yawa suka gurgunce. Sai da sarakuna da malamai suka shiga aikin da kansu aka ci nasara, har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji ranar 25 ga Agusta 2020. Maganin zargi shi ne bincike, maganin dogaro da baƙo kuma shi ne mu samar da masananmu waɗanda za su duba da idonsu su gaya mana.

INA JAMI'O'INMU?

Ba za mu ce ba a yi kome ba. A farkon Maris 2020, cibiyar bincike ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da wasu cibiyoyin ƙasa, ta warware tsarin halittar ƙwayar cutar daga mara lafiyan farko na Nijeriya cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne karo na farko da aka yi haka a Afirka. Likitocin asibitocin koyarwa sun tsaya a bakin aiki, wasu sun rasa rayukansu a kai, Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu Ya saka wa kowa da alheri. Sai dai a daidai wannan lokaci jami'o'in gwamnati suna rufe, ga dokar kulle, ga yajin aikin malamai wanda ya ɗauki wata 9, daga Maris zuwa Disamba 2020. Lokacin da al'umma ta fi bukatar muryar jami'a, ƙofofinta suna garƙame.

Kada kuma mu ɗauka magana ta wuce da wucewar korona. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Wannan ya ɗara duk abin da aka rubuta na mace-macen korona a ƙasar. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, yawancin waɗanda ya kama kuwa yara ne da ba a kammala musu rigakafi ba. Sanƙarau yana zuwa da rani, kwalara da damina, zazzaɓin Lassa da hunturu zuwa bazara. Annobarmu tana da kalanda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MUKE KIRA ZUWA GARE SHI

Na ɗaya, ga limamai da masu wa'azi. Kada labarin cuta ya hau mimbari sai an san isnadinsa. Wa ya faɗa? A ina ya samo? Ko masana sun tabbatar? Yadda ba ma yarda a jingina wa Manzon Allah (S.A.W.) hadisin da ba shi da asali, haka kada mu yarda a jingina wa likitanci abin da ba shi da asali. Saƙon murya da aka turo ta WhatsApp ba tare da sunan mai magana ba, hukuncinsa hukuncin ruwayar wanda ba a san shi ba ne. Kalma ɗaya daga bakin limami tana iya sa unguwa guda ta kai 'ya'yanta rigakafi, ko ta hana su, kuma za a tambaye shi a kanta.

Na biyu, ga 'yan'uwanmu ɗalibai da malaman jami'a, musamman na sashen likitanci da jinya da haɗa magunguna da kwamfuta. Ku ne gada tsakanin allo da masallaci. Hukumar NCDC tana fitar da rahotanni a kan Lassa da kwalara da sauransu a shafinta, amma da Turanci. Ku karanta, ku tace, ku mayar da shi Hausa mai sauƙi, a rubuce da boko da ajami, da kuma murya domin wanda ba ya karatu, ku miƙa wa limamin unguwarku da malamar Islamiyyar matan aure. Wannan yana cikin zakkar iliminku.

Na uku, ga jami'o'in yankinmu, irin su Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da Abdou Moumouni a Yamai. Muna kira gare su da su kafa dandalan lafiya na dindindin da harshen jama'a, waɗanda za su riƙa nuna cutar da take yawo a kowace ƙaramar hukuma, da alamominta, da asibiti mafi kusa, su kuma haɗa su da gidajen rediyo da layin waya da ƙaramar waya za ta iya kira. Mu tuna cewa allon Johns Hopkins malama ɗaya da ɗalibi ɗaya ne suka fara shi. Cuta ba ta san iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi ba, don haka aikin ma kada ya tsaya a kan iyaka.

Na huɗu, ga kwamitocin masallatai da na maƙabartu. Babu wanda ya riga ku sanin yawan jana'iza. Littafi ɗaya da za a riƙa rubuta rana da shekarun mamaci da abin da ya yi jinya a kansa, ba tare da tona asirin kowa ba, zai iya zama ƙararrawar da za ta farkar da gari tun da wuri. Idan jana'izar mako ta ninka yadda aka saba, a sanar da jami'an lafiya. Wannan ba ya jinkirta binne mamaci, ba ya kuma saɓa wa Sunna.

Na biyar, ga mawadata. Wakafi bai taƙaita ga ginin masallaci ba. Magabata sun yi wakafin asibitoci a Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira. Ɗaukar nauyin ɗakin gwaji, ko karatun ɗalibin likita, ko shirin rediyo na rigakafi, sadaka ce mai gudana in an tsarkake niyya.

Na shida, ga kowane ɗayanmu. Idan aka tabbatar maka kana ɗauke da cuta mai yaɗuwa, zamanka a gida ibada ce, shigarka cikin sahu kuwa cutar da Musulmi ne. Shari'ar da ta nemi wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada warinta ya dami mutane, ba za ta yarda ka kai musu abin da zai kwantar da su ba. Kada kuma a ƙyamaci mara lafiya ko a yi masa gori, domin tsoron gori ne yake sa mutane su ɓoye cuta har ta cinye gida.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, mun yi imani cewa babu abin da yake samun bawa sai abin da Allah Ya rubuta, kuma babu cutar da take kama mutum da ikon kanta. Amma wanda Ya rubuta ƙaddara Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi, tawakkali kuwa aikin zuciya ne wanda ba ya soke aikin gaɓɓai. Dandalan da muka yi magana a kansu sababi ne daga cikin sabubba. Mu karɓi gaskiyar da take cikinsu ko daga wa ta fito, mu san iyakarsu, mu cike giɓinsu da harshenmu da masallatanmu da masananmu, tun kafin wata annobar ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga annoba da fitina, na fili da na ɓoye, Ya sanya mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.